Ba kullum ne laifin netwok ba, manhajoji ne ba sa jin maganar juna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan jarida. Dan Allah a ba ni ɗan fili, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, kuma na lura duk sanda aka taɓo ta a jarida ko a rediyo sai a tsaya a bakin ƙofa ba a shiga ciki. Mutum ya yi tiransfa an cire kuɗi ba su isa ba, a ce masa netwok. Ɗalibi ya biya kuɗin makaranta banki ya ba shi rasit amma shafin makarantar ya ce bai biya ba, netwok. A asibiti an kasa tantance katin inshorar mara lafiya yana zaune yana nishi, nan ma netwok. Ni sana'ata rubuta manhaja ce, kuma yawancin aikina haɗa manhajar wani da ta wani ne su riƙa musayar bayanai, shi ya sa nake so in gaya wa masu karatu cewa sau da yawa intanet ɗin lafiyarsa ƙalau, saƙo ya tafi ya isa, kawai dai wanda aka aika wa ne bai gane abin da aka ce masa ba.

Ga yadda abin yake a taƙaice. Akwai manhaja mai tambaya, wato wadda ke wayarka ko kwamfutar akawun makaranta, akwai kuma saba, babbar kwamfutar da ke can wani wuri tana ba da amsa. Mai tambaya za ta tsara saƙo ta tura, saba ta karanta ta mayar da amsa. To su biyun nan galibi ba mutum ɗaya ya rubuta su ba, ba kamfani ɗaya ba, ba ma da yaren kwamfuta ɗaya ba, wannan da Java wancan da .NET na Microsoft wani kuma da PHP. Abin da ya haɗa su kawai yarjejeniya ce a rubuce, a tsohon tsarin shirya saƙo mai suna SOAP ana ce mata WSDL, a na yanzu da ake rubuta saƙo da salon JSON kuma akwai OpenAPI. Kamar 'yan kasuwa biyu ne a Dawanau suka yi ciniki ta waya kan kwano ɗari na gero, ashe shi mai sayarwa mudu yake nufi shi kuma mai saye tiya, kowa ya rantse gaskiya ya faɗa, kuma wallahi kowa gaskiyar ya faɗa, amma ciniki ya lalace.

Kuma kada wani ya ɗauka mu ne kawai ba mu iya ba. Tun a 2002 Microsoft da IBM da wasu manyan kamfanoni suka kafa ƙungiya guda mai suna WS-I ba don komai ba sai don manhajojinsu sun kasa fahimtar juna alhali kowa na cewa ƙa'idar SOAP yake bi. Sai da suka zauna suka fitar da wani kundi, Basic Profile, suka ce ga abin da za a bi ga abin da za a bari, har suka hana wani salon tsara saƙo da ake cewa encoded saboda kowane kamfani yadda ya ga dama yake fassara shi. Toh idan su da suka ƙirƙiro abin sun sha wannan wahala, mu ba abin kunya ba ne mu sha, abin kunyar shi ne mu ƙi koyon yadda ake gano matsalar mu ɓuya a bayan netwok.

Bari in ba da misalin da na gani da idona. Wata makaranta mai zaman kanta ta ɗauke ni in haɗa manhajarta da sabar wani kamfanin karɓar kuɗi, komai na tafiya sumul a gwaji, aka fara aiki na gaske sai wasu iyaye kuɗinsu ya riƙa shiga wasu kuma a ce lambar asusu ba daidai ba ce. Kamfanin ya ce daga wajenku ne, shugaban makaranta ya ce ai mu ba mu taɓa komai ba, iyaye kuma sun cika ofis da rasit a hannu. Da muka buɗe ainihin saƙon da ke fita muka ɗora shi kusa da wanda ke shiga sai ga abin a fili. Lambar asusun banki a Najeriya, wato NUBAN, lamba 10 ce, kuma da yawa da sifili suke farawa. Wani ɓangare a tsakiya yana ɗaukar lambar a matsayin adadi na lissafi ba rubutu ba, shi kuwa lissafi bai san sifilin farko ba, 0123456789 sai ta koma 123456789, lamba 9, saba ta ce ban san wannan ba. Duk wanda asusunsa bai fara da sifili ba ya wuce lafiya, shi ya sa abin ya yi kama da aljanu. Haka lambar waya take, 080 ta zama 80. Gyaran layi ɗaya ne, amma kafin a yarda a buɗe saƙon an ɓata lokaci mai yawa ana nuna wa juna yatsa.

Irinsa ne maganar kobo. Wasu sabobin biyan kuɗi a kobo suke karɓar adadi, idan kana nufin naira 5,000 sai ka tura 500000, wanda bai karanta takarda ba ya tura 5000 sai a caji mutum naira 50. Kwanan wata ma haka, 03/04 a wajenmu 3 ga Afrilu ne, a manhajar da aka saita da tsarin Amurka kuwa 4 ga Maris ne, kuma ba za ta yi ƙorafi ba, shiru za ta karɓa ta ajiye ba daidai ba, sai ranar da aka tura 25/04 ta rasa wata na 25 sannan ta fashe. Maganinsa tsarin ISO 8601, shekara sannan wata sannan rana, a kuma rubuta bambancin agogo. Don mu da Nijar muna gaban agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, da awa ɗaya, wanda ya biya kuɗi ƙarfe 12:30 na dare a Kano, sabar da ke kan UTC za ta rubuta 11:30 na daren jiya, gobe akanta ya zo haɗa lissafi ya ga kuɗin yau sun faɗa jiya ya fara zargin kashiya.

Amma Malam Edita wanda ya fi yi min ciwo shi ne na sunayenmu, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, duk suna cikin Unicode, wato kundin haruffan duniya na kwamfuta, kuma tsarin ajiye haruffa na UTF-8 yana ɗaukar su ba wata matsala. Sai dai har yau akwai sabobi da rumbunan ajiyar bayanai da aka bari a kan tsohon tsarin haruffan Turai ta yamma, Latin-1 ko Windows-1252, waɗanda ba su san da zaman waɗannan haruffa ba. Ka tura Ɗanladi a UTF-8, saba ta karanta da Windows-1252, abin da zai fito shi ne ÆŠanladi, wani lokacin kuma alamar tambaya ce kawai za ta maye gurbin harafin. Daga nan sai a je tantancewa a ce sunan da ke nan bai yi daidai da na can ba, a mayar da bawan Allah gida ko a ce ya je kotu ya yo takardar rantsuwa, kan laifin da ba nasa ba. Ga kuma su Sa'adatu da Mu'azu da Isma'il da duk 'yar wane, wannan ɗan waƙafin sama da ke cikin sunansu akwai manhajojin da ke ƙin karɓar shi gaba ɗaya wai ba harafi ba ne, akwai waɗanda yake rikita musu umarnin da suke tura wa rumbun bayanai, wanda ma alama ce ta cewa manhajar a buɗe take ga ɓarayin intanet. Sannan waƙafin kansa kala-kala ne, na allon kwamfuta miƙaƙƙe ne, wanda wasu wayoyi ke sakawa lanƙwasasshe ne, a ido ɗaya suke amma a wajen kwamfuta haruffa biyu ne daban, sai Sa'adatu ta ƙi zama Sa’adatu. Abin da ya ba ni takaici shi ne maganin da ake ba mutane, wai su cire ƙugiyar su cire waƙafin su rubuta Saadatu. Haba. Mutum ya canza sunan da ubansa ya raɗa masa saboda wani ya yi kasalar saita UTF-8 a saba? Duk mai ba da kwangilar manhaja a arewa ya kamata cikin gwajin karɓar aiki ya sa a shigar da sunaye irin waɗannan, a ga sun je sun dawo yadda suke, in ba haka ba kada a biya.

Sai na tsaro, wanda shi ne ya fi zuwa ba sallama. Manhaja ta yi shekaru tana aiki, wata safiya kawai ta daina, ba wanda ya taɓa ta. Yawanci can ɓangaren saba ne aka rufe tsohon tsarin ɓoye saƙo da ake kira TLS, don TLS 1.0 da 1.1 an yi musu ritaya a hukumance a 2021, ita kuwa manhajar an gina ta kan Java 7 ko tsohon .NET waɗanda ba sa ɗaukar TLS 1.2 da kansu sai an kunna musu. Ko kuma satifiket ne, wato shaidar da saba ke nunawa cewa ita ce ta gaskiya, kamar yadda ya faru ranar 30 ga Satumba 2021 da wani tsohon tushen satifiket da Let's Encrypt, wata cibiyar ba da satifiket, ke dogaro da shi ya ƙare, tsofaffin na'urori da yawa a duniya suka daina yarda da sabobin da lafiyarsu ƙalau. Wani abin da ke ruɗa mutane, sai ka buɗe adireshin a burauza ka ga ya buɗe, ka ce ai ga shi yana aiki, alhali burauza tana da dabarar nemo satifiket na tsakiya da mai saba ya manta bai saka ba, ita kuwa Java ba ruwanta, sai ta watso maka PKIX path building failed ta tsaya. A nan ne ƙannenmu masu tasowa ke yin abin da ke tayar min da hankali, su je intanet su kwafo layin da ke kashe binciken satifiket ɗin baki ɗaya, aiki ya tashi, oga ya yi murna. Wallahi wannan ba gyara ba ne, ka buɗe hanya ne duk wanda ya shiga tsakani ya karanta bayanan mutane ya ma canza su. Ina roƙonku ku daina, a kira mai saba ya gyara satifiket ɗinsa.

Akwai kuma agogo, wanda namu ne na gida saboda halin wutar lantarki. Kwamfutar ofis ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, ta tashi da kwanan watan shekarun baya. Saƙonnin tsaro kuwa suna ɗauke da hatimin lokaci, a WCF, wani tsarin haɗa manhajoji na Microsoft, misali minti 5 kacal aka yarda agogo biyu su bambanta in ba a canza saitin ba, ya wuce haka saba ta ƙi. Na taɓa ganin ofis guda an tsayar da aiki ana ta kiran kamfanin intanet, har an fara maganar sayen sabuwar na'ura, ashe agogon da ke ƙasan allo ne ke nuna wata shekara daban, ba wanda ya kalle shi.

Na SOAP ba zan cika ku da shi ba tunda sai 'yan sana'a, amma bankuna da hukumomi da yawa har yau shi suke amfani da shi, don haka in faɗi biyu. SOAP 1.1 da 1.2 ba sa shiga juna, na farko yana tura text/xml tare da SOAPAction, na biyu application/soap+xml, in ka haɗa su ba daidai ba amsar da za ka samu lamba 415 ce, wato saba ba ta karɓar irin wannan saƙon. Matsala ta biyun ta fi mugunta, jerin filaye, wato guraben bayani a cikin saƙo, wasu sabobin .NET in ka kawo fili kafin wanda ya kamata ya riga shi ba za su ce maka komai ba, tsallake shi za su yi ya zama fanko, ka ga an karɓi saƙo amma babu sunan mahaifi ko babu adadin kuɗi.

To yaya ake ganowa? Ni dai abin da aiki ya koya min shi ne a daina gardama a kan abin da manhaja ya kamata ta tura, a duba abin da ta tura. Akwai kayan aikin duba saƙo da gwada shi kuma yawancinsu kyauta ne, curl, Postman, SoapUI, Fiddler, Wireshark. Ka ɗauki saƙon da ya yi nasara, ko daga takardar masu saba ko daga wata manhaja da ke aiki, ka ɗauki naka da ya faɗi, ka jera su ka bi su layi-layi har kanun saƙon, bambancin yana nan ciki. Ka cire manhajarka gefe ka tura da hannu ta curl, in ya wuce matsalar a gidanka take, in bai wuce ba ka samu hujjar da za ka kai musu. Kuma ka yi gwajin daga kan ainihin kwamfutar da ke aikin, ba laftof ɗinka ba, don da yawa sabobin banki adireshin IP, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet, da suka sani kawai suke buɗe wa ƙofa, ofis ya canza kamfanin intanet adireshi ya canza shikenan an rufe. Lambobin amsa ma suna magana in za a saurara, 400 saƙonka ne bai tsaru ba, 401 da 403 maganar izini ce, 404 adireshin ne, 500 sabar ce ta yi tuntuɓe, 502 da 504 kuma wani ne a tsakiya ya kasa samun amsa daga na bayansa. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda ka sake gwadawa, in ka canza biyar ya tashi ba ka san wanne ne ya gyara ba, gobe zai dawo.

Sai dai duk wannan ba zai yi ba in masu saba ba su taimaka ba, kuma gaskiya a nan ƙorafina ya fi yawa. Saba ta mayar maka da 200, wato komai lafiya, amma a cikin saƙon an rubuta an samu matsala, wace matsala, oho. Takardar bayani ta shekarun baya ce, an canza sunan fili ba a gaya wa kowa ba. Wajen gwaji daban yake da na aiki na gaske, ko ma babu shi sam, sai dai ka gwada da kuɗin mutane. Ka rubuta musu ka haɗa da saƙon da lokacin da ya fita da komai, amsar da za ta dawo ita ce komai lafiya a wajenmu. Me zai hana kowane saƙo a ba shi lambar shaida guda da ɓangarorin biyu za su rubuta a kundinsu, in an samu matsala in ba ka lambar ka duba naka in duba nawa mu haɗu a tsakiya? Ba tsada gare shi ba, so ne kawai babu.

Wannan lambar shaidar ce ma maganin abin da ya fi ƙona wa talaka rai, a cire masa kuɗi sau biyu. Manhaja ta tura umarnin biya, saba ta karɓa ta cire kuɗin, amma amsar ta makara har mai tambaya ta gaji da jira ta ɗauka bai shiga ba ta sake turawa. In da lambar shaida ɗaya a kan saƙon, saba za ta gane ai na riga na yi wannan, ta mayar da amsar farko kawai. Kuma ita mai tambayar ya kamata kafin ta sake turawa ta fara tambaya tukuna, wancan na ɗazu ya shiga ko bai shiga ba. Masu POS sun san lamba 91 da ke fitowa a rasit, a tsarin ISO 8583 da katunan banki ke amfani da shi ma'anarta ba a samu bankin mai katin ko mahaɗar da ke tsakani ba, kuma sun san sau nawa alat ɗin cire kuɗi ke shigowa bayan ta fito, kwastoma ya riƙe musu riga. Duk wanda ya rayu a Najeriya farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da kowa ya koma tiransfa dole, ya ga yadda abin nan ya raba mutane da abokan cinikinsu na shekaru.

Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin buɗaɗɗen tsarin banki a watan Maris na 2023, wanda ke nufin manhajoji da yawa za su riƙa magana da bankuna kai tsaye, wato irin waɗannan matsaloli ƙaruwa za su yi in ba a tashi tsaye ba. Ina kira ga hukumomi da bankuna da jami'o'i da duk mai sabar da wasu ke dogaro da ita, ku wallafa yarjejeniyarku a fili ku riƙa sabunta ta, ku ba da wajen gwaji mai kama da na gaske, in za ku canza wani abu ku sanar da wuri ku bar tsohon yana aiki na ɗan lokaci, kuma ku sa mutum mai iya karanta kundin saba a inda za a same shi. Malamanmu na sashen kwamfuta a jami'o'i da kwalejojin kimiyya su ma dan Allah a riƙa ba ɗalibai aikin da rukuni ɗaya zai rubuta saba da Java wani rukunin ya rubuta mai tambaya da wani yaren, a bar su su yi ta fama har su haɗu, don yaro ya gama digiri bai taɓa buɗe ɗanyen saƙon HTTP, wato saƙon da ke kai-komo tsakanin manhaja da saba, ya gani ba, ranar farko a wajen aiki kuma shi za a tura ya gyara.

Ku kuma 'yan jarida, Malam Edita, in kakakin wata hukuma ya ce muku matsalar netwok ce ta hana biyan albashi ko ta hana ɗalibai rajista, ku ɗan ƙara masa tambaya, netwok ɗin wa, tsakanin wace manhaja da wace, yaushe aka gano, wa ke gyarawa, kuma waɗanda aka cire wa kuɗi yaushe za a mayar musu.

Na gode da wannan fili, Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Mai rubuta manhaja, daga Kano